Darasi na 9: Kula da Yaro Mai Zazzaɓi a Gida

Abin da za mu koya

Idan muka kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:

1. gane zazzaɓi da hannu da kuma ma'aunin zafin jiki;
2. faɗin abin da ake yi wa yaro a gida kafin a kai shi asibiti;
3. auna farasitamol daidai da shekarun yaro;
4. lissafa alamomin da ba a kwana da su a gida;
5. taimakon yaron da jijjiga ta kama.

Gabatarwa

Babu gidan da ke da yara da bai san zazzaɓi ba. Da zarar damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, sai ka ga asibiti ya cika maƙil da mata goye da 'ya'ya, kowace ka tambaya amsarta ɗaya: jikinsa ne ya yi zafi. Sau da yawa kuma da dare abin yake farawa, lokacin da babu likita a kusa. Wanda ke fara jinyar yaro uwa ce, ko kaka, ko uba, kuma abin da suka yi a yinin farko da daren farko shi ne yawanci ke raba ciwon da zai wuce cikin kwana uku da wanda zai kai ga ƙarin jini.

Mene ne zazzaɓi?

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa kusa da digiri 37. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, sai jikin ya ƙara zafi yayin da yake faɗa da su. Ke nan zazzaɓi ba shi ne ainihin cutar ba, sanarwa ce cewa wata cuta ta shigo. Kamar haushin kare ne da tsakar dare: idan ka yi wa karen tsawa ya yi shiru ka koma barci, ɓarawon yana nan cikin gida. Maganin da ke saukar da zafi yana sa yaro ya ji daɗin jikinsa, amma ba ya taɓa abin da ya kawo zafin.

A ƙasar Hausa, cutar da aka fi zargi ita ce zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, kuma zargin yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai ba ita kaɗai ke kawo zazzaɓi ba. Akwai mura da ciwon maƙogwaro, ciwon kunne, limoniya mai kama huhu, taifot, ƙyanda, da ciwon mafitsara. Akwai kuma sanƙarau, wanda ya fi tashi daga lokacin hunturu zuwa bazara. A annobar 1996 kaɗai ya kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin Najeriya. Duk waɗannan da zafin jiki suke farawa, kuma ido ba ya iya rarrabe su a ranar farko, ko da idon likita ne.

Akwai wata magana da ke cin rayukan yara a ɓoye, ita ce "ai haƙori ne". Haƙori yana fara fitowa wajen wata 6. A daidai wannan lokaci kariyar da jariri ya samo daga jikin uwarsa take raguwa, kuma a lokacin yake fara rarrafe yana kai komai baki. Saboda haka cututtuka da haƙori sukan zo tare, sai a ɗora wa haƙori laifi. Fitowar haƙori tana kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa. Yaro mai haƙori da jikinsa ya yi zafi, a duba shi kamar kowane yaro.

Yadda ake auna zafin jiki

Idan babu ma'auni, a ɗora bayan hannu a ƙirjin yaro ko cikinsa ko wuyansa, sannan a taɓa jikin wani mai lafiya a kwatanta. Kada a dogara da tafin hannu ko ƙafa, domin sukan yi sanyi alhali jiki yana ci da wuta.

Ma'aunin zafin jiki mai batir ya fi hannu gaskiya, kuma ana sayar da shi a kemis. Ga yadda ake amfani da shi:

1. A goge hammatar yaro ta bushe.
2. A danna maɓalli, a sa bakin ma'aunin a tsakiyar hammata, ya taɓa fata, ba riga ba.
3. A matse hannun yaro a jikinsa har sai ma'aunin ya yi ƙara.
4. A karanta lambar, a rubuta ta tare da lokacin da aka auna.

Idan lambar ta kai 37.5 ko ta wuce, akwai zazzaɓi. Idan ta kai 39, zafin ya yi yawa. Amma lamba ba ita ce komai ba. Yaron da ke da 39 yana shan nono yana wasa ya fi kwantar da hankali a kan wanda ke da 38 ya langaɓe ba ya ko ɗaga kai. Ku dubi ma'auni sau ɗaya, ku dubi yaro sau goma.

Abin da ake yi a gida

*A rage masa kaya.* Al'adarmu ce idan yaro ya fara rawar sanyi a jibga masa bargo, a rufe ƙofa da taga, wani lokaci har da kaskon wuta. Wannan yana kulle zafi a jiki. A bar shi da riga marar nauyi, a buɗe taga iska ta shigo. In yana makyarkyata a lulluɓa masa zane ɗaya, da ta lafa a yaye. Ana iya goge masa jiki da tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi idan hakan yana masa daɗi. Kada a kwara masa ruwan randa ko na ƙanƙara, domin sanyin zai sa shi rawar ɗari, zafin ciki kuma ya ƙaru. Idan yana kuka ko yana ƙin gugar, a bari.

*A yawaita ba shi abin sha.* Zafi yana ƙone ruwan jiki ta gumi da numfashi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za a ba shi, amma a riƙa ba shi a kai a kai, dare da rana. Wanda ya wuce wata 6 a haɗa masa nono da tsabtataccen ruwa, da kunu, da koko, da romo. Kada a ɗura masa. A zaunar da shi a cinya a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali.

Idan akwai gudawa, a nemi garin ORS na cikin leda a dama ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ledar fiya-wata guda biyu ita ce lita 1. In babu garin, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, cikin lita 1. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. A tambayi ma'aikacin lafiya ƙwayar zinki, wadda ake ba mai gudawa kwana 10 zuwa 14.

*Kada a hana shi abinci.* Mai zazzaɓi bakinsa ba daɗi, don haka a ba shi abin da yake so, mai laushi, kaɗan amma sau da yawa: kunun gyaɗa, fate, ayaba, dafaffen ƙwai, dankali. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan wanda ya saba kullum har mako 2, don ya mayar da jikinsa.

*A ba shi farasitamol daidai gwargwado.* Ana ba da shi idan zafin ya dami yaro. Wanda ke barcinsa lafiya ba sai an tashe shi don magani ba. A duba jikin kwalba. Idan an rubuta 120mg ko 125mg cikin 5ml, ga awon:

| Shekarun yaro | Awon sha ɗaya |
|---|---|
| Wata 3 zuwa wata 6 | 2.5ml |
| Wata 6 zuwa shekara 2 | 5ml |
| Shekara 2 zuwa 4 | 7.5ml |
| Shekara 4 zuwa 6 | 10ml |

A auna da ɗan kofi ko cokalin da ya zo tare da maganin, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Tsakanin sha da sha a bar awa 6, kuma kada a wuce sau 4 a yini da kwana. Idan an ba shi da ƙarfe 6 na safe, na gaba sai ƙarfe 12 na rana. Akwai farasitamol na ɗigawa da ake yi wa jarirai, wanda ya fi na kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka wannan awo bai shafe shi ba. Haka kuma magungunan mura da tari da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Wanda ya haɗa biyun ya ninka awo bai sani ba, kuma farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa. Yaron da ya rame ƙwarai, a bar ma'aikacin lafiya ya auna masa bisa nauyinsa.

*A sa masa ido.* A lura da yadda yake sha, da numfashinsa, da yawan fitsarinsa. Da dare a riƙa tashi ana duba shi.

Gwajin jini kafin awa 24

Duk abin da muka faɗa a sama jinya ce ta kafin a isa wurin masana. Ƙa'idar ita ce: yaron da bai kai shekara 5 ba, idan ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa kafin awa 24 ta cika. Maleriya tana iya juyewa ta zama mai tsanani cikin yini ɗaya ko biyu, ta shanye jini ko ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Ku karanta wannan hira, mutum biyu su ɗauki murya ɗaya-ɗaya.

Malamar asibiti: Sannu, Maman yaro. Ya mai jiki?

Uwa: Da sauƙi, Malama. Tun jiya bayan isha'i jikinsa ya ɗauki zafi. Na auna, 38.6. Na ba shi farasitamol da daddare, na sake ba shi da safe.

Malama: Madalla da kika auna. Yana kama nono? Ya yi amai ko jijjiga?

Uwa: Yana sha, sai dai ba kamar kullum ba. Babu amai. Kakarsa ta ce haƙori ne, a bari zuwa jibi, amma babansa ya ce mu zo.

Malama: Kun kyauta. Riƙe min hannunsa.

Malama ta goge ɗan yatsan yaron da auduga, ta soka masa 'yar allura, ta ɗebi ɗigon jini ta sa a ƙaramin ramin wata 'yar farar roba mai tsawon yatsa. Ta ɗiga wani ruwa a ɗaya ramin, ta duba agogo. Bayan minti 15 zuwa 20 sai ga jan layi biyu sun fito a 'yar tagar robar.

Malama: Kin ga layi biyu? Maleriya ce. Da layi ɗaya ne ya fito, da sai mu nemi dalilin zafin a wani wuri, kunne ko maƙogwaro ko ƙirji. Nauyinsa kilo 11, don haka ƙwaya ɗaya zai riƙa sha. Ta farko yanzu a gabana, ta biyu bayan awa 8. Gobe safe da yamma, jibi safe da yamma. Sau nawa ke nan?

Uwa: Sau 6, cikin kwana 3.

Malama: Haka ne. Ki narka ta a ɗan ruwa a cokali, in ya sha ki ba shi nono ko kunun gyaɗa, don maganin ya fi shiga jiki idan ya haɗu da abu mai maiƙo. In ya amayar kafin rabin awa, ki sake ba shi wata, ki dawo in cika miki.

Uwa: Malama, da dai an yi masa allura, an ce ta fi saurin aiki.

Malama: Allura ta wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ce, wanda ba ya iya haɗiyar komai. Naki yana sha, ƙwayar ta ishe shi. Abu ɗaya nake roƙon ki: gobe za ki ga ya warware yana wasa, kada ki ce ya warke ki ajiye sauran don ƙanwarsa. Ki ƙarasa masa duka. In ya shanye zafin bai sauka ba, ko kika ga jikin ya ƙara rikicewa kafin nan, ki dawo ko da tsakar dare ne.

Uwa: In Allah ya yarda. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malama: Amin. Allah ya ƙara sauƙi.

Maganin da Malama ta bayar shi ne ake kira ACT, irin su Coartem. Tun 2005 Najeriya ta koma kansa, bayan an tabbatar kulorokwin ya daina kashe ƙwayar maleriya yadda ya kamata. Yankewar magani a tsakiya tana barin ragowar ƙwayoyin cuta a jini, su sake hayayyafa ciwo ya dawo.

Alamomin da ba a kwana da su

Idan aka ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis. Babban asibiti mafi kusa za a nufa.

1. Ya kasa shan nono ko ruwa.
2. Duk abin da ya sha sai ya amayar.
3. Ya yi jijjiga.
4. Ya langaɓe, barci ya yi masa nauyi, ana tashin sa da ƙyar, ko bai gane mutane.
5. Wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura.
6. Numfashinsa yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana shigewa ciki duk lokacin da ya ja numfashi.
7. Tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari fat, alamar jini ya yi ƙasa.
8. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi.
9. Idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba.
10. Ƙuraje sun feso masa tare da jan ido da tari, ko jini yana fita ta hanci ko dasashi.

Ƙirga numfashi abu ne da kowa zai iya. A bari yaro ya natsu, a ɗage masa riga, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Tari da zazzaɓi da saurin numfashi alamar limoniya ce, kuma maganin maleriya ba ya yi mata komai.

Akwai yara iri uku da zazzaɓi kaɗai ya isa a garzaya da su asibiti ko babu wata alama: jaririn da bai kai wata 3 ba, mai sikila, da mai tamowa. Jikinsu ba ya jure jira. Jariri sabon haihuwa ma wani lokaci sanyi jikinsa yake yi maimakon zafi idan cuta ta kama shi, kuma wannan ma haɗari ne.

Idan asibiti yana da nisa, wasu ma'aikatan lafiya na ƙauye suna da maganin maleriya da ake sa wa yaro ta dubura don ya riƙe shi a hanya. Wannan ba ya maye gurbin tafiyar, lokaci kawai yake saya.

Idan jijjiga ta kama yaro

Wasu suna kiran ta taune-taune. Yaro yakan sanƙare, ido ya juye, hannu da ƙafa su riƙa fizga, wani lokaci da kumfa a baki. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kuma yawanci tana sakin su kafin minti 5. Abin tsoro ne ƙwarai, kuma a cikin ruɗewar nan ne ake yi wa yaro illar da ta fi jijjigar kanta.

Ga abin yi. A kwantar da shi a tabarma, nesa da wuta da ruwa da duk abin da zai buge shi. A juya shi ya kwanta a gefensa, don miyau ko amai su zubo waje. A sassauta masa riga. A duba agogo. Mutum ɗaya ya tsaya a kansa, wani ya fita neman abin hawa.

Ga abin bari. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba, amma cokali yana karya haƙori ya yaga baki. Kada a ɗura masa ruwa, ko manja, ko rubutu, ko magani, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa ko wani abu a ido. Kada a danne shi don a tsayar da fizgar.

Addu'a kuwa a yi ta, babu mai hanawa, a yi ta ana tafiya. Ko jijjigar ta saki, ko yaro ya farfaɗo yana kallon mutane, a kai shi asibiti a ranar, domin a wurinmu tana iya zama alamar maleriyar da ta hau kai ko sanƙarau. In ta wuce minti 5 ba ta saki ba, a ɗauke shi a haka, yana kwance a gefensa.

Abubuwan da ke ƙara wa ciwo ƙarfi

Na farko shi ne haɗin kemis. A aiki yaro da kuɗi a ce a haɗo na zazzaɓi, a ƙullo ƙwayoyi kala-kala a leda, babu suna babu awo, kuma mai haɗin bai ga marar lafiyar ba. Na biyu asfirin: ba a ba wa yaron da bai kai shekara 16 ba, domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma yana cikin wasu garin maganin ciwon kai da manya ke sha, irin su Alabukun. Na uku kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ya rubuta ba. Ba sa maganin mura, ba sa maganin maleriya. Na huɗu ragowar maganin wani. Na biyar kai yaro mai zazzaɓi wurin wanzami a cire masa beli ko a yi masa tsaga, alhali mai yiwuwa jininsa ya riga ya yi ƙasa. Haka nan jiƙe-jiƙe da sassaƙe, babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofi, kuma hantar ƙaramin yaro da ƙodarsa ba su kai na babba ƙwari ba.

Maganin da za a saya ma a duba shi. A 2008 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya lalata ƙodar yara a Najeriya, fiye da 80 suka rasu. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da magani zai lalace. Yawancin kwalayen maganin maleriya suna da wurin kankarewa. A kankare a tura lambar ta waya, amsa za ta zo ko na gaskiya ne.

Shirin da ake yi tun ana lafiya

Yara da yawa ba rashin asibiti ke cutar da su ba, jinkiri ne. Maigida ya tafi kasuwar wani gari, uwa tana jiran izini. Ko izini ya samu babu kuɗin mota. Ko an tsaya jiran abin da kaka za ta ce. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Maigida ya faɗa wa iyalinsa tun yau, a gaban mahaifiyarsa, cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga alamomin nan goma a tafi asibiti, ya yafe neman izini. A ware ɗan kuɗi a ajiye don wannan kaɗai. A adana lambar mai babur ko mai a-daidaita na unguwa da zai amsa waya da dare. A haɗa katin rigakafin yaro da ma'aunin zafi da farasitamol wuri ɗaya, inda hannun yara ba ya kai.

Sai kuma toshe ƙofar ciwon. Yara su kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, har da lokacin zafi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Da damina a karɓi masu bi gida-gida da maganin rigakafin maleriya na wata-wata, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, aka fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013, kuma yanzu ana yin sa a jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa, kuma sai an cika ukun yake aiki. A kammala alluran rigakafi, har da ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Allurar rigakafin maleriya ma ta iso: a watan Disamba na 2024 aka fara yin ta a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ku tambaya a asibitinku ko ta zo wurinku. Allurar rigakafi takan kawo ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin damuwa ba ne, kuma ba dalilin fasa ta gaba ba ne.

Tambayoyi

1. Daga wace lamba ake cewa yaro yana da zazzaɓi idan an auna a hammata?
2. Me ya sa saukar zafi bayan shan farasitamol ba ya nufin yaro ya warke?
3. An ba yarinya 'yar shekara 3 farasitamol da ƙarfe 2 na rana. Mil nawa za a ba ta, kuma ƙarfe nawa za ta iya shan na gaba?
4. An ƙirga numfashin yaro ɗan wata 8 aka samu 54 a minti ɗaya. Me ya kamata a yi?
5. Kawo abu uku da ba a yi wa yaron da ke jijjiga, da dalilin kowanne.
6. Waɗanne yara ne ake kai wa asibiti nan take da zarar jikinsu ya yi zafi?

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum uku: uwa, kaka, da maigida. Jariri ɗan wata 7 ya kwana da zazzaɓi, kaka ta ce haƙori ne. Ku nuna yadda za a fahimtar da ita cikin ladabi, ba tare da an ɓata mata rai ba, kuma ba tare da an ƙara kwana ba. Bayan haka kowa ya gwada auna zafin jikin na kusa da shi, ya rubuta lambar a allo.

Aikin gida

Kwafi alamomin nan goma a takarda da manyan baƙaƙe. A ƙasansu rubuta sunan asibiti mafi kusa da ke aiki da dare, da lambar mai abin hawan da za ka kira. Karanta wa mutanen gidanku, ka manna takardar a bangon ɗaki. A darasi na gaba kowa zai faɗa mana tambayar da aka yi masa a gida da amsar da ya bayar.